Garwa: bayan filayen gasar Afirka, unguwanni na neman inuwa

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, zafi a Garwa kan wuce digiri 40, kuma ƙasa ba ta fara hucewa sai bayan la'asar sakaliya. Yaron da ya taso daga makaranta yana da abin da bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba kafin a kira magariba. Da sanyi kuma ƙurar hunturu ce, sannan dogon hutun makaranta, daga Yuni zuwa farkon Satumba, yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da filayen unguwa ke zama taɓo. Wannan ne ya sa maganar wuraren wasa masu rufi ta fi nauyi a arewacin Kamaru fiye da a kudu.

Ba wai birnin ba shi da filaye ba ne. An gyara filin Roumdé Adjia, wanda aka gina a 1978, domin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, tare da filayen atisaye irin na Poumpoumré. A nan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta fitar da ita. Sai dai filin ciyawa na ƙwararru ne: yana shan ruwa da kuɗi, kuma in aka sake shi ga yaran unguwa kullum, ciyawar ba za ta kai wata guda ba. Saboda haka ƙofarsa a rufe take yawancin mako, kuma ba laifin masu gadi ba ne. Ƙungiyar Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta nuna gari na da ƙwallo a jini, amma wanda bai shiga sahun ƙungiya ba sai dai ya kafa duwatsu biyu a lungu.

Waɗanda tsarin ya fi bari a baya su ne 'yan mata. Uba a Foulbéré ko Yelwa da wuya ya bar 'yarsa ta yi guje-guje a buɗaɗɗen fili gaban 'yan acaba, amma zai iya yarda da zaure mai katanga, mai ranar mata, mai malama a ƙofa. Haka dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. Yara maza kuwa, in zafi ya gallabe su, Binuwai suke nufa, kogin da ke da zurfi da dorina.

Ɗakin wasanni mafi shahara a ƙasar shi ne Palais des Sports na Yawunde, wanda Sin ta gina aka buɗe a 2009. Kwaikwayonsa a kowace gunduma kuskure ne. Gini mai dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, a yankin da wutarsa ta rataya ga madatsar ruwan Lagdo, zai koma tanda duk ranar da aka ɗauke wuta, kuma an fi ɗaukewa a bazara, lokacin da ruwan madatsar ya ja baya. Abin da ya fi dacewa rumfa ce mai dogon rufi, gefunanta a buɗe don iska, da daɓen siminti da fitilu masu amfani da hasken rana. Daɓe ɗaya zai ɗauki ƙwallon hannu da na kwando da kokawa, da safe kuma ya zama ajin yaƙi da jahilci. Makarantun gwamnati da yawa na da filin. Rufin ne babu.

Lambuna ma haka ne. Garwa na da gidan namun daji, da lambun Parc boisé da aka yi da kuɗin shirin C2D, wato bashin Faransa da aka mayar kuɗin ayyukan raya ƙasa. Amma bishiyar dalbejiya da benci ba su isa su jawo iyali daga Djamboutou ba, in kuɗin acaba zuwa da dawowa ya kai na cefane. Abin da ke cika lambu tsari ne da kowa ya san ranarsa: karatun yara ranar Laraba da yamma tunda ana tashi da wuri, motsa jikin mata bayan asuba, gasar dara ta dattawa, wasan hutu tsakanin unguwanni.

Masu gudanar da irin wannan suna nan a gari. Cibiyar CENAJES ta Garwa na horar da malaman wasanni da masu kula da matasa, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 na tara ɗalibai, Alliance franco-camerounaise kuma ta daɗe da ɗakin karatu da dandalin wasan kwaikwayo. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta sanya wasanni da wuraren shaƙatawa cikin ayyukan magadan gari, don haka maganar tana gaban majalisun Garwa ta 1, ta 2 da ta 3 da kuma magajin garin birni. A kasafinsu, layin da ya kamata a duba shi ne na kulawa: albashin mai gadi da mai shara, kuɗin ruwa, gyaran fitila, da ɗan alawus na malamar da za ta buɗe ƙofa ranar mata.