Mu Fita Da Yaranmu Su Ɗauki Hoton Tsuntsaye Da Itatuwa

A yau da wuya mutum ya shiga gida a ƙasar Ƙaraye ko ta Rogo bai tarar da wayar hannu mai ɗaukar hoto ba. Amma in ka karɓi wayar saurayi ka duba, me za ka gani? Hoton kansa, da na abokansa, da na biki, da na sabon babur. Da kyar za ka ga hoton ɗorawar da ke bakin gonar ubansa, wadda kakarsa ta yi shekara da shekaru tana yin daddawa da kalwarta. Ran da masu gawayi suka sare ta, shi ke nan, ba shi da abin da zai nuna wa nasa 'ya'yan.

Saboda haka muna so mu yi shawara da iyaye, da malaman makaranta, da shugabannin matasa. Shawarar kuwa ita ce, a riƙa ɗibar yara kaɗan kaɗan ana fita da su bayan gari, ana koya musu ɗaukar hoton tsuntsaye, da itatuwa, da ruwa. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abin da yake bukata shi ne shiri da haƙuri.

Abin Da Ke Ƙofar Gidanmu

Waɗansu suna tsammani sai an tafi Yankari kafin a ga abin da ya isa a ɗauki hotonsa. Ba haka ba ne. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwan Calawa take, wajen kilomita 90 daga birnin Kano. An gama gina ta a 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kuwa ya kusa kilomita 8. Tafkin da ta tara ya jawo masunta da masu noman rani, ya kuma jawo tsuntsayen ruwa. Akwai kuma ƙaramar madatsa ta Kusalla kusa da garin Ƙaraye. A irin waɗannan wurare akan ga zalɓe tsaye cikin ruwa yana jiran kifi, da balbela tana bin shanu, da kirinjijiya garke garke.

Ta wajen Rogo, inda Jihar Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, akwai fadamu da gonaki masu tsofaffin itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, rimi da gawo. Kowane ɗayansu yana da lokacinsa. Ɗorawa takan fid da tutu ja wajen watan Fabrairu da Maris. Gawo kuwa halinsa dabam ne, gama yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Shamuwa takan iso da bazara daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ta koma bayan damina. Tsattsewar ƙasashen Turai takan ƙetare hamada ta zo mana da kaka, ta juya da bazara. Watau wanda ya fita sau huɗu a shekara zai ga daji iri huɗu a wuri guda.

Me Hoto Zai Amfana?

Wani uba zai ce, "Yaro ya bar gona ya tafi kallon tsuntsu, wannan ba shashanci ba ne?" Bari mu ba da misali daga maƙwabtanmu na Nijar. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sarewa a gona ba ciyawa ba ce, tohon kututtukan itatuwan dā ne waɗanda saiwarsu take da rai. Aka fara koya wa manoma su bar toho kaɗan, su sassabe sauran. Shekaru suka wuce, mutanen waje ba su san girman abin da ya faru ba. Sai da masana suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975, suka gwada su da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000. A nan ne aka ga gonakin da dā suke fili fetal sun cika da itatuwa. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai wajen hekta miliyan 5. Gani ya kori ji.

Hoto yana iya nuna hasara kamar yadda yake nuna riba. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu take cika mahauta a kowace kasuwa. Yanzu yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sa wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa. Gauraka ma, wadda ake kira tsuntsuwar Nijeriya, ta yi wuyar gani ƙwarai. Da a ce kakanninmu sun bar mana hotunan fadamun da ruwan Calawa ya rufe, da yau muna da abin gwadawa. Su ba su da na'urar. Mu muna da ita a aljihu.

Mutum Nawa Za A Ɗiba?

Kada a wuce yara biyar ko shida a fita guda. Taron mutum ashirin yakan kori kowane tsuntsu tun daga nesa, mai koyarwa kuma ba zai iya duba aikin kowa ba. A haɗa su biyu biyu a kan waya ɗaya, domin wanda gidansu ba waya kada ya ji kunya ya ƙi zuwa. In da 'yan mata a cikin, sai wata uwa ta bi su, kuma a nemi yardar iyayensu tun da wuri.

Manya biyu ake bukata. Ɗaya shi ne wanda ya ɗan iya waya. Ɗayan kuwa dattijo ne wanda ya san daji, ko tsohon maharbi, ko masunci, ko manomi. Wannan na biyu shi ne babban malami, gama shi ya san inda cilakowa take kwana, da itacen da hasbiya take so, da sunan kowane tsiro. Da tsohuwar zuma ake magani. A girmama shi, a yi masa ɗan alheri, a bar yara su yi masa tambaya.

Kafin ranar, mai koyarwa ya je ya zaga wurin shi kaɗai. Ya zaɓi gajeriyar hanya wadda ba ta wuce tafiyar rabin sa'a ba, ya san inda inuwa take da inda za a zauna. A gaya wa yara su sa tufafi marasa haske, su sa takalmi mai rufe ƙafa, su zo da ruwan sha, da ɗan littafi da fensir. A cika wayoyi da caji tun daren jiya.

Lokacin Fita

Hasken safiya shi ne mafi kyau, daga fitowar rana zuwa hantsi. A lokacin ne tsuntsaye suke kiwo, hasken kuma yana da taushi. Da tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin, sama ta yi fari fat, hoto ya lalace. Bayan la'asar ma haske yana da kyau, amma sai a kusa da gari, domin a komo kafin magariba. Da hunturu hazo yakan rufe abin da ke nesa. A irin wannan rana a bar hoton tafki, a koma ga abin da ke kusa, kamar ganye, da ɓawon itace, da sawun tsuntsu a laka.

Abin Da Za A Koya Musu

Kada a cika yara da dogon bayani. Abu kaɗan ya isa a rana ɗaya.

Da fari, a goge idon wayar da ƙyalle mai laushi. Ƙura da maiƙon yatsa su ne sukan sa hoto ya yi dishi-dishi. Na biyu, a riƙe waya da hannu biyu, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ko a jingina da itace. Na uku, rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Na huɗu, a taɓa fuskar wayar daidai kan abin da ake so, domin ya fito sarai. Na biyar, kada a yawaita jawo hoto da yatsa, gama hakan yakan farfasa shi. Gara a matsa da ƙafa sannu sannu, ko a zauna shiru a jira.

Zaman jiran nan shi ne darasi mafi wuya ga yaro. A sa su zauna minti goma ba magana, ba motsi. Za su yi mamakin yadda tsuntsayen da suka gudu za su komo. A koya musu durƙusawa, domin hoton kwaɗo ko fure da aka ɗauka daga ƙasa ya fi wanda aka ɗauka daga tsaye. In hoton tafki ne, a daidaita bakin ruwa kada ya karkace. Wanda yake da tabarau na hangen nesa yana iya ɗora idon waya a bakinsa, ya samu tsuntsun da ke can tsakiyar ruwa.

Wata dabara kuma ita ce a ce wa kowane yaro hoto goma kaɗai zai ɗauka. Wanda ya san goma gare shi zai duba da kyau kafin ya danna.

Ladabi Da Tsaro

Daji yana da masu shi. A gai da mai unguwa ko dagaci, a gaya masa abin da ya kawo mu, a kuma tambaye shi ko hanya lafiya. A 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun dami garuruwa da yawa a arewa maso yamma, saboda haka in ya ce kada a bi wani wuri, a ji maganarsa. Kada a shiga gonar mutum a tattake shuka. Kada a ɗauki hoton mata a bakin rafi, ko na makiyayi da shanunsa, ko na masunci, sai an roƙa an yarda. Jikin madatsa kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sai a nemi izinin masu gadi tukuna.

Kada yaro ya shiga ruwa, ko da ya iya iyo. Bakin tafki yana da ramuka, ruwan da ke kwance kuma yakan ba da tsargiya. Ba a shiga kwalekwale da yara don neman hoto. Kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, saboda kububuwa da kunama. Rigakafi ya fi magani.

Tsuntsayen ma suna da nasu hakki. A bar danƙon harbi a gida. Ba a taɓa sheƙa, ba a karya reshe don a ga ƙwai, gama in uwa ta tsorata ta daɗe ba ta komo ba, rana za ta kashe 'ya'yan. In aka yi dace aka ga sheƙar ungulu, kada a baza sunan wurin a Facebook ko WhatsApp, domin akwai masu farautarta suna kai wa masu sayar da kayan magani.

Bayan An Komo

Kafin a watse, a zauna a inuwa a duba hotunan tare. Kowane yaro ya zaɓi biyu, ya faɗi abin da ya sa ya ɗauke su. A fara da yabo kafin gyara. Sa'an nan a rubuta a littafi: rana, da wuri, da sunan abin da Hausa kamar yadda dattijo ya faɗa. Hoton da ba shi da rana da wuri, rabin amfaninsa ya tafi. Waɗanda suka fi kyau a kai wa mai hoto ya wanke su a takarda, gama waya takan ɓata ko ta lalace. A liƙa su a bangon aji domin iyaye su gani.

Muna kuma ba da shawara kowace ƙungiya ta zaɓi wuri ɗaya, kamar gindin wata kuka ko kan wani dutse, ta riƙa ɗaukar hoto daga nan, tana fuskantar waje guda, a wata guda kowace shekara. Bayan shekara goma hotunan za su nuna ko itatuwa sun ƙaru ko sun ragu, ko zaizaya ta ci gona, ko kacalla ta rufe bakin ruwa.

Aikin yaran kuma yana iya wuce ƙauye. A kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015. An raba ƙasar gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 ta kowane gefe, mutanen gari kuwa su ne suke aika sunayen tsuntsayen da suka gani. Akwai kuma manhajar iNaturalist, inda mutum yakan sa hoto masana su taimake shi da suna. Yaron Turawa ko na Zarewa yana iya ba da shaidar da babu wani masani da yake da ita.

To, iyaye, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya zauna minti goma yana jiran zalɓe ya ɗaga kai, da wuya ya ɗauki dutse ya jefe shi. Ku nemi yara biyar, da waya biyu ko uku, da dattijo ɗaya, ku sa ranar Asabar. In kun wanke hotunan, ku fara kai wa dattijon ya gani.