Abin da ya kamata ku sani: Me ke sa amfilifayar belun kunne ƙugi?

Matasa masu sha'awar lantarki a Abuja kan shiga shagunan Wuse su sayo ƴan kayan haɗi, su zauna da dalma su ƙera ƙaramar amfilifaya don belun kunnensu. Wadda aka fi kwaikwaya ita ce CMoy, ƙirar wani mai suna Chu Moy: aisi guda irin OPA2132, ƴan rizistoci da kondensa, sai batir mai bolt 9, duka a cikin ɗan gwangwani. Ana gamawa a jona, sai ga ƙugi a ƙarƙashin waƙa. Nan take mutum ya ɗora wa aisi laifi ya koma kasuwa, alhali galibi ba ruwan aisin.

Kafin ka kwance komai, kasa kunne. Wutar da kamfanin AEDC ke rabawa tana da bolt 230, kuma tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ƙugi mai kauri, mai laushi, wanda ba ya canzawa, wannan juyin ne ke kutsowa, ko daga taransifomar da ke kusa da wayoyin sauti ko ta wayar ƙasa. Idan kuwa ya fi siranta, da ɗan zizar ƙuda a ciki, to sau 100 ne a daƙiƙa. Wannan yana fitowa bayan an mayar da wutar soket ta zama mai tafiya hanya ɗaya, kuma yana nuna kondensar da ke tace ta ta yi kaɗan ko ta bushe. Zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa kondensa mai arha.

Mai janareta yana da wata shaidar a hannu. Saurin injin ne ke ƙayyade juyin wutarsa, don haka idan ƙugin na hawa yana sauka tare da numfashin injin, daga wuta yake. Inbata mai arha kuma wutarta hawa-hawa take fitowa, ita ma tana haddasa ziza, haka ma cajar waya mara inganci da ke yin siririn kuka.

Gwajin da ya fi kowane amfani ba ya cin ko kwabo. Idan da adafta amfilifayar ke aiki, cire ta daga soket, ka sa mata batir, ka zare wayar da ke kawo waƙa, ka haɗa bakin shigar sauti da layin ƙasa na allon. Idan ta yi tsit, aikin hannunka lafiya lau yake. Sai ka riƙa mayar da abu ɗaya bayan ɗaya: wayar sauti, kwamfutar da ke kunna waƙar a kan batirinta, sannan cajar kwamfutar. Wanda ƙugi ya dawo a kansa, shi ne mai laifi.

Sau da yawa a kan cajar ake kama shi. Dalili kuwa, na'urori biyu sun isa ƙasa ta hanyoyi biyu, ta soket da kuma ta wayar sauti, sai wata ƴar wuta ta riƙa kewaya tsakaninsu, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi tamkar waƙa ce. Magani shi ne a jona su a soket ɗaya, ko a sa ƴar na'urar raba ƙasa a kan wayar sauti. A cikin akwatin ma, duk wayoyin ƙasa su haɗu a wuri ɗaya, wayoyin shigar sauti su zama gajeru masu rigar kariya, gwangwanin kansa a jona shi da ƙasa, taransifoma kuma a nisanta ta.

Akwai masu karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙugi ya ɗauke. Yakan ɗauke ɗin, amma wannan ƙafar ce ke tsare ranka ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfe. Kada ka yi. Ba kowane gida ne ma aka jona masa wayar ƙasa yadda ya kamata ba, don haka ka sa mai gyaran wuta ya auna maka.

Huci mai "shiii" daban yake da ƙugi, domin daga cikin allon yake tasowa. CMoy na asali tana ninka sauti sau 11, wanda ya yi wa ƙananan belun kunne na zamani yawa. Sauya rizista ɗaya ka rage shi zuwa 3 ko 4, hucin zai ragu sosai. Idan aisin LM386 ka sa, an yi ta ne don ƙaramar lasifika, huci halinta ne. Aisin da ke zafi ba gaira ba dalili kuma yana neman ƴar kondensa mai nanofarad 100 dab da ƙafafunsa na wuta.

Wannan "dit-dit-dit" da ke zuwa gab da shigowar kira, wayar salula ce, musamman a layin 2G, nisanta ta kawai. Ƙaras-ƙaras idan an murɗa maɓallin ƙara kuwa ƙurar hunturu ce ta shiga, ko dalma ba ta kama ba.

In kana koyo, ka tsaya a kan batir ko adafta da aka riga aka rufe. Wutar soket ba wurin gwajin ɗan koyo ba ce, kuma babbar kondensa tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.