Mun Sake Leƙa Kadawa

A wannan fitowa mun ɗan kauce daga lissafin buhu da kwando, don mu ba ku labarin Kadawa, garin nan na bakin hanyar Kano zuwa Zariya, gaba da Kura. Da yawa daga cikinku yanzu wucewa kawai kuke yi a guje, ko tuƙin mota ba a ragewa. Amma duk wanda ya yi yaron dillali ko yaron mota wajen 1978 zuwa 1990 ya san a wancan zamani in an ce noman rani a ƙasar Kano, to Kadawa ake nufi. Mu ma a nan muka koyi awon alkama, muna bin iyayen gidanmu a bayan a-kori-kura, buhunan wofi a ƙarƙashinmu, hunturu na dukan fuska.

Ga yadda abin ya faro, don yaran yanzu su sani. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauko aikin. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, aka jawo ruwansa zuwa gonar gwaji a Kadawa, Turawan Holan na kamfanin NEDECO suna tsara aikin. Da aka ga abin ya karɓu, sai aka gina babban dam na Tiga, aka gama shi a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Abin da ya sa aikin ya yi suna kuwa, ruwan da ƙafarsa yake zuwa, babu injin famfo, babu sayen man fetur. A buɗe ƙofa kawai ya kwarara cikin gona. An tsara kashi na farko zai kai hekta 22,000. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

A shekarun nan Kadawa gari ne na ma'aikata. Ga malaman gona a kan babura, ga makanikai, ga direbobin tarakta da kowa ke lallashi don a riga yi masa huɗa. Ga kuma tashar bincike ta masanan Samaru, inda ake gwada irin alkama da na tumatir kafin a miƙa wa manomi. Hukuma ce ke kawo tarakta da taki da iri, a cire kuɗin daga baya. Inda albashi ke sauka duk wata kuwa, kun san sauran: mai shayi, mai tsire, mai gurasa, mai faci, kowa ya samu. Mukan kwana a rumfar mai shayi muna jiran gari ya waye a fara awo, kuma ba mu taɓa rasa motar da za ta kai mu Kano ba.

Lokacin da ya fi kowanne armashi shi ne bayan Janairun 1987, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje. Kamfanonin fulawa suka rasa ta Amurka, tilas suka juyo gida. Ana shuka a Nuwamba don ta sha sanyin hunturu, a yanke a Maris, kuma tun tana tsaye a gona dillalai sun riga sun zuba kuɗi. Kai, a waɗannan shekaru har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya nemi gona aro. Amma a 1992 aka ɗage hanin, ta jirgin ruwa ta dawo da araha, masu fulawa suka juya baya. Alkamar gida ta koma wa masu ita na asali, wato masu alkaki da finkaso da taliya da gurasa, su kuwa kwano-kwano suke saye.

A ganinmu ba faɗuwar alkama kaɗai ta rage wa garin ƙarfi ba. Tun a 1987 ɗin, cikin tsarin tsuke bakin aljihu, aka yi dokar da ta janye hukumomin koguna daga noma, aka ce su tsaya ga ba da ruwa. To daga nan tarakta da taki da iri suka bar hannun hukuma suka koma kasuwa. Manomi ya ci gaba da nomansa, don ruwa bai tsaya ba, amma abin da ke tara mutane a Kadawa ya watse. Bayan haka sai yashi da laka suka cika magudanai, ciyawar kacala ta toshe wasu, gonakin da ke ƙarshen kanal suka riƙa ganin ruwa sai an yi sa-in-sa. Sai a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda a ƙarƙashinsa aka yashe magudanai aka gyara ƙofofi, aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu shan ruwa.

Da muka sauka wannan karon, gonaki kore shar, har sun fi yadda muka san su. Garin ne dai ya yi sanyi. Mun nemi rumfunan da muka sani, wasu babu, wasu 'ya'ya ne a ciki, ba su san mu ba. Hanya kuwa an faɗaɗa ta an gyara, direban da a da tilas ya tsaya ya zuba ruwa a lagireto yanzu sai ya dangana da Kwanar Dangora ko Kano bai taka birki ba. Hanya mai kyau alheri ce ga mai kaya, amma mai shayin bakin titi ba ya yi mata godiya.

To ina cinikin ya tafi? Bai yi nisa ba. Shinkafa ta koma Kura. Dattawa sun san Kura da marina da bugu, inda ake yin turkuɗin da Buzaye ke ɗauka har Agadas. Yau ƙarar injin casa ta maye gurbin ƙarar mabuga, mata na turara shanshera a gida-gida, ana shanya a kowane fili. Hanin shigo da shinkafa na 1985 ya fara ɗaga ta, rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara mata kuɗi. Tumatir da tattasai da attaruhu kuwa suna Kwanar Gafan, nan kusa, inda daga Janairu zuwa wajen Afrilu ake loda kwanduna zuwa Mile 12 a Ikko da sauran kasuwannin Kudu. Hatsi ya tafi Dawanau tun da aka kafa ta a 1985. Wato Kadawa ta shuka, maƙwabta na awo.

An sa rai garin zai farfaɗo a 2016, da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a nan, mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, ta cinye ganye da 'ya'ya, kwando ya yi tashin da ba a saba gani ba, masana'anta ta rasa abin markaɗawa ta tsaya. An sake buɗe ta a 2019. Matsalar dai ku dillalai kun fi kowa saninta. Inji yana son kaya kullum a farashi ɗaya. Manomi kuwa in kasuwa ta yi tsada Kwanar Gafan zai kai, sai ranar da ta faɗi, kwando ya koma bai biya kuɗin mota ba, sa'an nan zai tuna da ƙofar kamfani. Ba mu ga laifin kowa a ciki ba, kowa uwar kuɗinsa yake tsaro.

Ga wanda ke niyyar zuba kuɗi a wannan yanki bana, ga abin da muka gani. In za ka ba manomi kuɗin taki don ya biya ka da amfani, je ka ga gonar da idonka, ka tambaya ko tana kusa da bakin kanal ko a wutsiya take, don ba ruwa ɗaya suke samu ba. Ka tambayi shugaban ƙungiyar masu shan ruwa ranar da za a buɗe da ranar da za a rufe, kada ka dogara da jita-jitar tasha. Wanda ya ba da kuɗi a kan tumatir kaɗai ya tuna da 2016; gara ya raba, rabi a shinkafa ko masara. Mai wurin ajiya kuwa ya dubi kauɗa: a sayi tumatir lokacin da ya yi yawa a Fabrairu da Maris, a yanka a shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, don yashi na karya masa daraja, a ajiye har damina ta shigo ɗanye ya yi wuya.

Alkama ma ba a yi mata sallama ba. Tun da yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya ɗaga farashin ta waje, an sake jin masu fulawa suna tambayar ta gida. Amma wanda zai saya ya kula da wadda aka shuka a makare, bayan tsakiyar Disamba: zafin Maris kan riske ta tana cikin nono, ƙwayar ta shanye, buhu ya cika ido amma a sikeli ya gaza. Ka tauna, ka ɗaga a hannu, sa'an nan ka yi tayi.