Kwamfutar Hannu Mai Tsada ko Matsakaiciya: Wacce Ta Fi Ƙarko a Gombe?

Kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwar waya ke kira tab, na'ura ce da ke tsakanin wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka. Faifai ne na gilashi mai faɗin littafin makaranta, ana sarrafa shi da yatsa ko da alƙalami na musamman. Kamfanin Apple ne ya yaɗa ta a duniya da iPad ta farko a 2010, kuma a shekarar ne Samsung ya biyo baya da Galaxy Tab. Har gobe akwai masu kiran kowace tab iPad, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo.

Kasuwarta hawa uku ce. A sama akwai manya, irin su iPad Pro da Galaxy Tab S10+, waɗanda kowacce ta fito a 2024 a kan dala 999 ko kusa da haka. A tsakiya akwai iPad ta gama-gari, wadda samfurinta na 2025 ya fito a kan dala 349, da Galaxy Tab S10 FE a kan kusan dala 500. A ƙasa akwai Galaxy Tab A9+, da Redmi Pad SE, da na Tecno da Infinix da itel, da kuma tarin marasa suna da ake sayar wa iyaye don yara. Mai neman abin da zai riƙe shekara biyar zuwa bakwai, gardamarsa tana tsakanin hawa na sama da na tsakiya ne.

Farashin dala kuwa ba ya shigowa Gombe a yadda yake. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai ga ta ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan aka yi lissafi a kan 1,500, iPad Pro ta tashi kusan naira miliyan ɗaya da rabi, tun kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wato albashi mafi ƙaranci na naira 70,000 har na wata ashirin da ɗaya, ba a ci ba a sha. Ta gama-garin tana wajen naira dubu 520. Alƙalamin Apple da madanninsa kuma daban ake sayensu: alƙalamin Pro dala 129 ne, madannin iPad Pro ƙarama dala 299. Samsung shi yana sako alƙalami a cikin kwalin S10+ da FE.

Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma da wannan karin maganar mai shago ke tura mai saye zuwa ga mafi tsada. Maganar gaskiya ce, sai dai nagarta a tab ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi. Abubuwan da ke kashe na'urar daban, abubuwan da ake biyan ƙarin kuɗi dominsu daban.

Abin da aka fi mantawa da shi a shago shi ne sabunta manhaja. Kowace tab tana da wa'adin da kamfaninta zai ci gaba da aiko mata da sabon tsarin aiki da gyaran tsaro. Ranar da wa'adin ya cika na'urar ba ta mutuwa, gilashinta na haske kamar kullum, amma a hankali manhajoji ke juya mata baya. Yau ta banki ta ƙi buɗewa, gobe ta karatu ta ce sai an sabunta. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin Apple da ke ƙasa da iOS 15.1, kuma haka kamfanonin manhaja ke yi lokaci zuwa lokaci. A da, nan ne manyan tab suka yi wa sauran fintinkau. Apple ya daɗe yana riƙe nasa: iPad Air 2 ta 2014 ta samu iPadOS 15 a 2021, shekara bakwai ke nan. Samsung ya yi wa Tab S9 ta 2023 alkawarin sabon tsari sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar, sannan ya ɗaga wa'adin zuwa shekara bakwai a kan S10+. Abin lura shi ne, wannan shekara bakwai ɗin ya ba S10 FE ita ma, alhali kuɗinta rabin na babbar ne. Tazarar da ke tsakanin sama da tsakiya ta wannan fuska ta kusa rufewa. Inda ramin ya rage shi ne ƙasa, musamman marasa suna, waɗanda galibi da tsarin da suka zo da shi suke tsufa. Wa'adin kuma daga ranar da samfurin ya fito ake ƙirga shi. Tab ɗin da ta kwana biyu a kanta, ko da sabuwa ce dal a kwali, ta riga ta cinye wani ɓangare na shekarunta.

Bayan manhaja sai ƙwaƙwalwa, wato ram, da ma'aji. Ram mai gigabait 4 zai yi wa tab ta Android daidai a shekarar farko, a ta uku sai jan ƙafa, domin manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi. Mai dogon buri ya nemi 8. Ma'aji kuwa kada ya gaza gigabait 128. Babu iPad ɗin da ke karɓar katin mimori, abin da aka saya da shi za a zauna. Yawancin na Samsung suna karɓa. Ga mai sauke karatun malamai da bidiyon darussa da dare lokacin da data ke araha, don ya kalla da rana, wannan ƙaramar kafa ta kati tana da daraja.

Batir ne ainihin ajalin tab a gari irin Gombe, kuma shi bai san mai tsada ba. Na babbar da na matsakaiciyar duk jinsi ɗaya ne, na litiyam, kuma abu biyu ke cin ransa: yawan caji da zafi. Apple ya ce an ƙera batirin iPad ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau dubu, ya kuma ce a yi amfani da na'urar a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Gombe, tsakanin Maris da Afrilu, zafin rana kan taɓa digiri 40 a inuwa. Tab ɗin da aka bari a gaban mota a ƙofar sakatariya, ko aka jona a caji a ɗakin kwano da azahar ana kallon bidiyo a kanta, tana tsufa fiye da yadda kamfaninta ya lissafa.

Ga kuma wuta. Gombe na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos, kuma babban layin da ke kawo mata wuta daga Jos ya taso. A Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun wannan layi, garin da maƙwabtansa suka yi makonni a duhu. A Oktoban shekarar kuma kusan duk Arewa ta shiga irin wannan hali. A irin waɗannan ranaku shagon caji ne mafaka. Duk wanda ya taɓa leƙawa ya san kamanninsa: allon katako da aka jera wa soket bila adadin, wayoyi kwance a kan juna kowacce da lambar da aka liƙa mata a baya, janareto na ruri a gefe yana hawa yana sauka, cajoji kuwa babu wadda aka san asalinta. Wanda ya miƙa na'urar miliyan ɗaya da rabi a wannan allo, hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya karɓo ta. Saboda haka rarar kuɗin da ke tsakanin babbar da matsakaiciya, idan aka sayi fawabank mai kyau da caja ta asali da ƙaramar sola da wani ɓangarensa, ta fi ƙara wa tab kwana fiye da kowane irin ƙarfin inji. Sababbin na Samsung da na Apple suna da wurin da ake umartar su su tsayar da caji a wajen kashi 80. Kunna shi kyauta ne, kuma yana rage wa batir wahala.

Ƙurar hunturu tana cusa kanta a kafar caji da ta lasifika. Tab S9 da S10 da 'yan uwansu na FE suna da shaidar IP68, wato an toshe su daga ƙura da ruwa. Babu iPad mai wannan shaida, har da ta dala 999.

Gyara kuwa shi ne inda mai tsada ke zama nauyi. Tab ba ta shiga aljihu, a hannu take yawo ko a jaka, a Keke Napep da aji da tsakar gida, don haka faɗuwa sai dai a jinkirta ta. Manyan suna da sikirin nau'in OLED, mai kyan launi da zurfin baƙi, mai tsadar canji. Matsakaitan LCD gare su, wanda ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Apple ba shi da shago nasa na kansa a Najeriya, sai dillalan da ya amince da su a manyan birane. Mai gyara a Gombe, komai ƙwarewarsa, yakan jira a aiko masa da kayan daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, kuma ba kowane samfuri ake samun nasa ba. Kayan Tecno da Infinix da itel su suka fi yawa a hannun masu gyara, ga kuma cibiyoyin gyaransu na Carlcare a birane da dama, wannan kuwa wani abu ne da ya kamata a yaba musu. Tambayar da ta fi kowacce amfani ba mai sayarwa ake yi wa ita ba. A je wurin mai gyara tukun, a faɗa masa sunan samfurin, a tambaye shi nawa ne sikirinsa, nawa ne batirinsa, kuma kwana nawa kafin su iso. Amsarsa takan sauya ra'ayin mutum nan take.

Batun layi ma yana ruɗar masu saye. Gidaje ƙalilan ne a Gombe ke da intanet na gida, don haka da yawa suna son tab mai ɗaukar sim. Irinta ta fi tsada, kuma iPad masu layi da suka fito daga 2024 ba su da kafar sim kwata-kwata, sai eSIM da ake ɗorawa ta hannun kamfanin sadarwa. Ko da layi a ciki, iPad ba ta buga kira irin na waya. Mai wayar da ke iya raba data zai iya sayen marar layi ya adana kuɗinsa.

Akwai hanya ta uku da ke jan hankalin mutane: babbar tab ta hannu, wadda ake cewa ta Landan, a farashin sabuwar matsakaiciya. Wani lokaci ana dacewa. Amma tsohuwa ce mai tsohon batir, wa'adin manhajarta ya yi nisa, garanti kuwa babu. Babban haɗarinta shi ne makullin asusun mai ita na farko. Kafin a ƙirga kuɗi, a sa mai shago ya goge ta tas a gaban mai saye, a kunna ta daga farko, a jona ta da intanet. Idan ta wuce ta nemi a saka sabon asusu, lafiya. Idan ta tsaya tana tambayar imel da kalmar sirrin wani bature da ba a sani ba, to faranti ce, sai dai a ɗora kofi a kai. Masu cewa za su buɗe ta daga baya, dabara ce suke yi wadda takan warware da zarar an sabunta na'urar.

Duk da haka akwai waɗanda babbar ta dace da su. Mai zanen gine-gine, mai tsara hotuna da tambura da alƙalami dare da rana, mai tace bidiyon biki da na wa'azi da ke karɓar kuɗi a kan aikinsa, waɗannan suna amfana da ƙarfin injin da ingancin sikirin, kuma na'urar za ta biya kanta. Amma ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ke karanta takardun darasi, da ɗalibar aikin likita da ke bitar hotunan sassan jiki kafin ta shiga Asibitin Koyarwa na Tarayya, da malamin Islamiyya mai tara littattafai, da ɗan kasuwar hatsi mai lissafin buhuna, da yaron da ke gwajin jarabawar JAMB, babu ɗayansu da aikinsa zai taɓa gajiyar da injin matsakaiciya. Ƙarfin da ya biya wa kuɗi a babbar zai zauna ne ba a taɓa shi ba, har batir ya gaji.

Lissafin da ya kamata a yi shi ne na shekara. Ko da an ɗauka babbar za ta kai shekara bakwai, matsakaiciyar ta tsaya a biyar, dala 999 a raba bakwai ta ba da wajen 143 a shekara, dala 349 a raba biyar kuwa kusan 70. Mai matsakaiciyar zai iya sayen wata sabuwa bayan shekara biyar, da sabon batir da sabon wa'adi, kuma jimillar abin da ya kashe bai kai kuɗin babbar guda ɗaya ba. A ɗaya gefen, araha ba ta ado: marar sunan da ake canzawa duk bayan shekara ɗaya da rabi tana iya cin abin da ya fi haka, ban da ɓacin rai.

Ga mafi yawan mazauna Gombe, zaɓin da ya fi shi ne sabuwar matsakaiciya ta sanannen kamfani, wadda ba ta wuce shekara ɗaya da fitowa ba, mai ma'ajin gigabait 128, mai ram 8 idan ta Android ce, wadda kamfaninta ya faɗi wa'adin sabuntawarta a fili. A sa mata riga mai kauri da gilashin kariya tun a shagon, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, kuma kada a bar ta a mota da rana.