Karatun Kayan Tarihi a Fazzan: Abin da Ɗalibi Zai Tarar a Sabha

Iyaye kan tambaye mu ko akwai amfani ɗa ya bar gida ya tafi karatun tono kufai da harsunan Girkawa da Romawa. Bari mu ɗauki Fazzan a kudancin Libiya mu yi misali da ita, domin ƙasa ce da fataken Kano suka san hanyarta tun kafin zuwan Bature.

Jami'ar Sabha ta soma a 1976 a matsayin reshen jami'ar Tarabulus, ta tsaya da ƙafarta a 1983, kuma da Larabci ake koyarwa. Amma babban ajin ɗalibin wannan fanni yana waje, a Jarma, kimanin kilomita 150 yamma da Sabha. Nan ne fadar Garamantawa, mutanen da Herodotus na Girka ya ambata tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubutan Roma sun ɗauke su 'yan ƙauye masu kai hari. Da aka tona ƙasa sai magana ta sauya. Muhammad Ayyub, ɗan Sudan, ya yi tono a Jarma a shekarun 1960, haka ma Charles Daniels na Ingila, sannan David Mattingly ya ɗora daga 1997. Sun tarar da gidajen dutse, da tulunan man zaitun da kayan gilashi na Roma a cikin kaburbura.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne fuggara. Rijiyoyi ne a jere, an haɗa gindinsu da rami mai ɗan gangare, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa bi da kansa har gona, babu guga babu inji. Ɗaruruwansu aka haƙa, aka noma alkama da dabino da inabi a tsakiyar hamada. Da ruwan ya ja baya, ƙarfin daular ya bi shi. Ɗan Katsina ko Maraɗi da ya ga rijiyar garinsu tana ƙara zurfi kowace shekara ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi.

Shi ya sa muke cewa littafi kaɗai ba ya isa. Ɗalibi na buƙatar Latin da Girkanci don ya karanta abin da aka faɗa, da Larabci don labarin zuwan Uƙbatu bin Nafi'u da tarihin Zuwila da Murzuk, sannan Ingilishi da Italiyanci don rahoton masu tono. Wanda ya fito daga makarantar Arabiyya ya riga ya ci rabin tafiya.

Sai batun tsaro. Tun 2011 Sabha ta sha fama da rikici, kuma masu safarar mutane daga Agadas ta nan suke bi. Kada ɗalibi ya kama hanyar sahara a bayan mota. Ya samu takardar shiga jami'a da biza a hannu, ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarsa a Tarabulus kafin ya biya ko sisi.