Yini Guda A Mota: Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Hasumiyar Gobarau

Da wuya a sami ɗalibin da ya gama makarantar sakandare a Arewacin ƙasar nan bai taɓa rubuta sunan Bayajidda a takardar jarrabawa ba. Amma in aka tara irin waɗannan ɗalibai, har da waɗanda suka riga suka zama manyan ma'aikatan gwamnati, aka tambaye su wane ne ya taɓa leƙa Rijiyar Kusugu da idonsa, 'yan ƙalilan ne za su ɗaga hannu. Abin mamakin kuwa shi ne, mutumin da ke zaune a Kano yana iya yin sallar Asuba a gidansa, ya ga Kusugu, ya ga kusheyin sarakunan Katsina na farko, ya hau Gobarau, sa'an nan ya komo gida ya yi sallar Isha'i a masallacin unguwarsu. Zagayen duka ya kusa kilomita 400, watau Kano zuwa Daura ta Kazaure, Daura zuwa Katsina, sai kuma Katsina zuwa Kano.

Motar haya ta tasha ba ta yi wa irin wannan tafiya. Sai ta cika take tashi, ba ta jiran mai kallo, ba ta kuma ratsewa ƙauye don wani yana son ganin tudun ƙasa. Saboda haka masu zuwa sukan ɗauki shatar mota ta yini, mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su kuma nemi ja-gora wanda ya san wuraren. Baƙi daga ƙasashen waje sun daɗe da gane wannan dabara. Su ne ma akasari suke biyan ja-gora, 'yan ƙasa kuwa suna ganin asarar kuɗi ce a biya mutum don ya gaya musu labarin da suka ji tun suna yara a ɗakin kaka. A nan ne kuskuren yake, domin rijiya da tudu da hasumiyar ƙasa ba su magana. Abin da matafiyi zai koma da shi gida shi ne abin da aka gaya masa a wurin, in an gaya masa daidai ya ƙaru, in an cika shi da ƙarin gishiri ya je ya baza wa wasu.

Kafin a tashi akwai abubuwan da ya kamata a daidaita da direba tun daren jiya: wa zai sayi mai, awa nawa zai jira a kowane wuri, da lokacin juyowa. A duba safaya taya da jak. Kada kuma a ɗora wa direba aikin ja-gora, don mai riƙe da sitiyari hankalinsa yana kan hanya da agogo, kuma shi ne farkon wanda zai ce wurin nan ba kome a cikinsa. Ranar Jumma'a ba ta dace ba, yinin gajere ne. Asabar ta fi, musamman ga ma'aikata.

A DAURA

Wanda ya bar Kano da ƙarfe shida da rabi, in hanya ta yi kyau, zai shiga Daura kafin hantsi ya dubi ludayi. Rijiyar Kusugu tana tsakiyar tsohon gari, ba nisa da fadar Sarki, an kuwa gina ɗaki an rufe ta a ciki. Mai tsaron wurin yakan zura guga ya ɗebo ruwa baƙo ya sha, mutanen garin kuma suna cewa ba a taɓa ganin ta ƙafe ba.

Labarin dai sananne ne. Baƙo ya zo daga gabas, ya biyo ta Barno, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Jumma'a, saboda macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiba. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sha ruwa, ya shayar da dabbarsa. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta aiki manyanta su dubo. Galadima ya kasa matsawa kusa, Kaura ne ya isa ya tabbatar maciji ya mutu. Daga nan sai aure, sai haihuwar Bawo, wanda aka ce 'ya'yansa ne suka kafa sarautun Hausa, in an haɗa da Biram ta Garun Gabas suka cika bakwai.

Kowane yaro a bakin ƙofar yana iya kawo wannan, har da karin murya. Ja-gora na ƙwarai shi ne wanda zai bari mai tsaron rijiya ya gama nasa cikin mutunci, sa'an nan bayan an koma mota ya ƙara wa baƙinsa abin da masana suka ce. Tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta cewa bai kamata a ɗauki labarin Bayajidda a matsayin asalin Hausawa ba. Hujja guda ma tana cikin labarin kansa: baƙon ya tarar da gari, da sarauniya, da masu sarauta, da maƙera, da rijiya ginanniya. Ashe ke nan akwai mutane da mulki da sana'a kafin zuwansa. Wannan bai rage wa Kusugu daraja ba. Labarin yana nuna yadda sarakunan Hausa suka ɗauki junansu 'yan'uwa, da dalilin da ya sa ake girmama Daura a matsayin uwa. Sai dai ɗalibin da zai rubuta jarrabawa yana bukatar ya san wane ne zancen baka, wane ne binciken masana, ya ajiye kowanne a muhallinsa.

Akwai kuma wani babi da ba a cika gaya wa baƙi ba sai sun tambaya. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tsohon gidan sarautar Daura ya bar birnin, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure, sai a farkon mulkin Turawa aka komo da Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura. Wanda yake son shiga fada ya nemi izni tun kafin ranar, ba a faɗa wa gidan Sarki kamar kasuwa.

TUDDAN DA AKE WUCEWA

A nan ne ake gane amfanin shata. Tsakanin Daura da Katsina, a ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina, akwai wurin da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Wanda ba shi da ja-gora zai wuce bai sani ba, in ma ya tsaya ba abin da zai gani sai tuddan ƙasa a cikin gonaki da kukoki. Direbobi da yawa sukan yi gunaguni a kan wannan ratse. Duk da haka, a duk zagayen yinin babu inda tarihi ya fi barin shaidar da hannu zai taɓa kamar nan.

Zancen baka ya ce tuddan kaburbura ne na Durɓawa, sarakunan da suka riƙe ƙasar kafin a kafa gidan Korau, tun daga Kumayau har zuwa Sanau. Har yanzu sarautar Durɓi tana nan, shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. A 1907 Razdan Palmer, tare da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya sa aka tona wasu daga cikin tuddan, amma kayan da aka fitar a wancan karo an rasa inda suka shiga. A 1959 gwamnati ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Sai a 1992 wasu masana daga Jamus suka sake tona uku, suka tarar da gawa guda a tsakiyar kowanne, tare da kayan ado na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da tasoshin ƙarfe waɗanda aikinsu ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas aka kawo su. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka komo da su Nijeriya a 2014. Awon da aka yi ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Ma'anar wannan ita ce, shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai da suka wuce, masu mulkin wannan yanki suna da arzikin da zai jawo kaya daga ƙetaren Hamada. Minti talatin a gindin kuka ana sauraron wannan bayani ya fi awa guda ana ɗaukar hoto. Ya kamata kuma a fara gaida mai gari, a nemi izni, a tuna cewa kabari ne ake tsaye a kansa, gonakin da ke kewaye kuma na mutane ne.

KATSINA DAKIN KARA

Ana shiga Katsina wajen Azahar. Bayan salla da abinci, sai a nufi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, hukumar da aka kafa a 1979. Ginin ƙasa ne da azara. An fara karatu a cikinsa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe shi a 1922, da nufin horar da malamai ga Lardunan Arewa. A waɗannan ɗakuna Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam. A 1938 makarantar ta ƙaura Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. Ma'aikacin gwamnatin da ke kukan ƙuncin ofishinsa ya kamata ya tsaya a ɗaya daga cikin azuzuwan nan ya dubi girmansa da ƙanƙantar tagoginsa.

Daga nan sai Gobarau, wadda hotonta ya zama alamar Katsina. Tsawonta kamar mita 15, da ƙasa aka gina ta, ana hawa ta matakala mai ƙunci, mutum ɗaya bayan ɗaya. Ita kaɗai ce ta rage daga babban masallacin Jumma'a na da, wanda kuma makaranta ce da malamai suke karantarwa, ana kuma hangen abokan gaba daga samanta. Bayan jihadi aka gina sabon masallaci, aka bar wannan, har ya zube, sai a zamanin Sarki Dikko aka gyara abin da ya rage na hasumiyar.

A nan ma ana gwada ja-gora. Wani zai rantse cewa a da tsawonta ya ninka na yanzu sau da yawa. Wani zai kawo labarin malamin da aka yi gardamar alƙibla da shi, ya nuna da sandarsa mutane suka hango Ka'aba. Wani kuma zai faɗi shekarar ginin kai tsaye kamar yana wurin. Gaskiyar magana ita ce, ana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, wanda aka ce ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓi mulki, ana kuma danganta shi da zuwan Shehu Magili a wajen 1493, masana kuwa sun saɓa a kan shekarun Korau, wasu suna sa shi a ƙarni na 14, wasu a na 15. Ja-goran da ya faɗi saɓanin ya fi wanda ya ɓoye shi. Ɗalibin da yake son bin diddigi sai ya nemi littafin Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981.

Mai tsayawa a saman Gobarau zai ga abin da ya kamata ya dame shi. Rufin kwano da benayen siminti sun kewaye ta, wasu sun kere ta tsawo. Ganuwar birni kuwa ta zaizaye a wurare da yawa, an yi gine-gine a inda take, sunayen ƙofofi ne suka fi dawwama: Ƙofar Kaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka inda Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai, in aka tsallake damina biyu ko uku sai tsaga ta bayyana. Maginan da suka iya aikin tubali da azara da makuba suna ƙaranci, 'ya'yansu sun koma bulo. Masu tsaron wuraren su ma yawanci dattawa ne, abin da suka sani a kansu yake, ba a takarda ba. Ɗan abin goron da baƙo ya ba su, da kuɗin shiga gidan tarihi, da ladan ja-gora, su ne suke nuna wa matasan garin cewa sanin waɗannan wurare sana'a ce da za ta ci da mutum. Inda ba mai zuwa, ba mai koyo.

In lokaci ya ragu ana iya ziyartar kabarin Wali Ɗan Marina ko a wuce ta ƙofar Gidan Korau, amma ba a so a haɗa da gaggawa. Wuri huɗu sun isa yini guda. Lokacin sanyi ya fi daɗin tafiya, sai dai in hazo ya yi yawa ba a hangen nesa daga kan hasumiya. Tun da yake wasu sassan Jihar Katsina sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, wajibi ne a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a ratse ƙauye, kada kuma a yarda dare ya yi a daji. Daga Katsina zuwa Kano kamar kilomita 170 ne. Wanda ya yi La'asar da wuri ya kama hanya kafin ƙarfe huɗu da rabi, zai shiga Kano ana kiran Magariba ko jim kaɗan bayanta.