KALLON RANA SAI DA RARIYAR HASKE

Daga Wakilinmu na Arewa, Kujama

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, da yawanku za su tuna da safiyar Laraba, 29 ga Maris, 2006, sa'ad da rana ta yi husufi. A Gusau da Katsina, da kuma Shaki ta Jihar Oyo, wata ya rufe ta ruf, gari ya yi duhu na 'yan mintoci. Mu a nan Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, dushewa ta yi ƙwarai, amma ba ta rufe duka ba. A lokacin ina ɗan makaranta, muka yi ta leƙen ta cikin kwanon ruwa da fasasshiyar kwalba mai baƙin hayaƙi. Allah ne ya kiyaye idanunmu.

A inda ta rufe ruf, an hangi waɗansu jajayen harsuna a gefenta. Waɗannan iskar haidurojin ce mai tsananin zafi, wadda ke tashi sama ta yi tsawon da ya ninka faɗin duniyarmu. Kullum suna nan, hasken rana ne ke ɓoye su. A 1868 wani Bafaranshe, Janssen, da wani Baturen Ingila, Lockyer, suka gano yadda za a gan su ba tare da an jira husufi ba. Yanzu kuwa har masu sha'awa, waɗanda ba aikinsu ba ke nan, suna ɗaukar hotonsu daga tsakar gida.

Asirin abin shi ne wata rariyar haske da ake haɗawa da madubin hangen nesa. Hasken rana gamin launuka ne masu yawa. Ita wannan rariya tana tare su duka, ta bar wani siririn ja guda ɗaya, wanda haidurojin ke fitarwa, masana suna kiransa haidurojin-alfa, lambarsa 656.3 a ma'aunin nanomita. A cikinta akwai gilasai biyu masu santsi suna fuskantar juna, da ɗan tsakani ƙanƙane. Hasken da ya dace da wannan tsakani shi ke wucewa, sa'an nan wani gilashi na baya ya tare ragowar.

To, a nan ne aikin saiti ya shigo. Duk wanda ya taɓa neman tashar Kaduna a akwatin rediyo daga Agege ya san abin: ka murɗa kaɗan ka wuce, ka dawo kaɗan ka rasa. Wata rariyar karkata ta ake yi kaɗan kaɗan, wata iska ake matsa mata da murfi mai zare, wata kuwa ɗumama ta ake yi da lantarki a jira ta daidaita. In saiti bai kama ba, jan faifai kawai za a gani sumul. In ya kama, sai fuskar rana ta yi kurji-kurji kamar ɓawon lemo, baƙaƙen zaruruwa su bayyana a kanta, harsunan su fito a gefe.

Wajen ɗaukar hoto kuwa, an fi son hantsi kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara rawa. Akan ɗauki ɗaruruwan hotuna cikin 'yan daƙiƙoƙi, kwamfuta ta tsince masu kyau ta haɗe su wuri guda. Galibi baƙi-da-fari ne, launin daga baya ake sa shi.

Kayan nan suna da tsada, daga ƙasashen waje ake kawo su, saboda haka ba kowa zai mallaka ba. Amma gargaɗin na kowa ne. Tabarau mai duhu, da kwalba mai hayaƙi, da kwanon ruwa, duk ba sa hana rana ƙona ƙwayar ido. Ƙunar kuwa ba ta zafi, sai daga baya mutum ya tarar da tabo a tsakiyar ganinsa, wani lokaci har abada. Hazon hunturu ma, da ke mai da rana kamar farin faranti, ba kariya ba ne.

Akwai hanya ta kyauta. A juya wa rana baya, a huda takarda da allura, a bar hasken ya sauka a kan wata farar takarda. Inuwar darbejiya ma takan zana siffar husufi a ƙasa.

Ranar 20 ga Maris, 2034, cikakken husufi zai sake ratsa Nijeriya, wannan karon ta Kudu zai shigo. Yaran da kuke goyo yanzu su ne za su ruga waje kallo. Ku koya musu tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu da rai da lafiya, amin.